Gwara mai gemu

Mahaifina masunci ne, Allah ya jiƙansa. A Nguru aka haife ni, kuma tun ban isa riƙe gora ba nake zama a gindin kwale-kwalensa ina kwalfe ruwa da ƙoƙo. Duk shekara idan sanyi ya kankama, cikin watan Janairu, sai wasu baƙi su zo su yi hayar jirgin Baba. Akwai Turawa a cikinsu, akwai 'yan ƙasa. Ba kifi suke nema ba, ba su kuma ɗauke da bindiga. Tsuntsaye suke ƙirgawa. Tun asuba za su zauna, ɗaya na hange da madubi yana faɗa, ɗaya na rubutawa, har rana ta take. Baba yakan karɓi kuɗinsa ya yi godiya, idan sun tafi ya girgiza kai ya ce, "Ciki idan ya cika, har abin da ke sama sai an ƙirga."

A ɗaya daga cikin waɗannan fitar ne wani daga cikinsu, baƙar fata mai jin Hausa sosai, ya rataya mini madubin hangen nesansa a wuya ya ce in duba can bakin ciyawa. Kirinjijiya ce. Na san ta, na sha cin namanta, amma ban taɓa ganin farar fuskarta kusa haka tana raye tana gyara gashinta ba. Ya nuna mini wasu ƙananan agwagin ruwa a gefe, ya ce waɗannan daga Turai suke, sun ƙetaro Sahara, kuma kafin damina za su koma. Ban yarda ba. Da na faɗa wa Baba da dare sai ya ce ai gaskiya ne ba sa yin ƙwai a nan, shi dai bai san inda suke zuwa ba.

Kada wani ya ɗauka daga ranar na zama mai tausayin tsuntsu. A unguwarmu ba wanda ya fi ni iya danƙo. Kurciya, hasbiya, gwara, ba'u, duk wanda ya sauka a inda nake ya shiga uku. Na ci gaba da haka har na shiga sakandare. Daga baya na yi karatun koyarwa, na samu aikin firamare, na yi aure, rayuwa ta tafi da ni inda take tafiya da kowa.

A 2017 wani abokina da muka yi makaranta tare ya dawo hutu daga Jos da wani tsohon madubi da ido ɗaya ya ɗan dusashe. Shi ya fara ba ni labarin cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga, kusa da dajin Amurum, da aikin da suka ɗauko tun ƙarshen 2015 na zana taswirar tsuntsayen Najeriya. Tsarin daga Afirka ta Kudu aka aro shi. An yanka ƙasar gida-gida kamar dara, kowane gida kusan kilomita 9 ta kowane gefe, ana ce masa fentad, kuma gidajen sun haura 11,000. Mutum zai shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana zagaya gona da tafki da cikin gari, duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa ya shigar a wata manhajar waya mai suna BirdLasser, ita kuma ta ɗauki daidai inda yake tsaye. Yana da kwana biyar kafin ya rufe lissafin ya aika. Ba digiri ake tambaya ba. Ido ake so, da haƙuri, da gaskiya.

Ya buɗe mini taswirar a wayarsa. Kewayen Jos da Ibadan duk launi ya rufe. Da ya ja yatsa zuwa wajenmu sai na ga fili fetal, gida bayan gida ba ɗigo ko ɗaya, in ban da 'yan wurare a bakin fadama inda baƙi suka saba zuwa. Na ce masa, "Wato mu nan ba mu da tsuntsaye ke nan?" Ya yi dariya ya ce, "Kuna da su, ba ku da mai rubutawa." Ya bar mini madubin ya koma.

Shekarar farko wahala na sha. Sunayen da ke cikin manhajar ba na Hausa ba ne, ni kuma da Hausa na san tsuntsayena. Sai na sayi littafin rubutu mai bango mai tauri, na ja layi a tsakiya: hagu shamuwa, balbela, zalɓe, jinjimi, dinya, cilakowa, ragon maza, yautai, carki, dama kuma sunan boko. A nan na gane wani abu da ya ba ni haushi. Wurin da Hausa ta ba da suna ɗaya, wani lokaci littafi ya raba shi gida biyar ko shida. Kurciya kawai ta isa ta sa mutum ciwon kai. Amma akwai inda tsofaffinmu suka fi littafin lura, musamman kan lokacin zuwan tsuntsu da abin da zuwansa ke nufi. Manomi bai buƙatar kowa ya gaya masa shamuwa ce ke gaba, ruwa na biye.

Uwargida ba ta ga dalilin abin ba. Duk Asabar in tashi da asuba in zuba mai a babur in tafi daji in dawo hannu rabbana. Takan ce, "Malam, da can ka dawo mana da kurciya ma ai da sauƙi." Ban iya ba ta amsa ba, don ta fi ni gaskiya ta fuskar tukunya.

Kunyar da na sha ta zo ne a shekara ta biyu, kuma ni na jawo wa kaina. Akwai wani ɗan tsuntsu da duk mai wannan harka a Arewa yake mafarkin gani, ɗan'uwan ba'u ne amma a cikin duwatsu yake zama. Sai a 1998 masana suka tabbatar da cewa jinsi ne mai zaman kansa, a tsaunukan Jos, ta hannun wani Ba'amurke mai suna Robert Payne. Yadda aka gano shi ma abin mamaki ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya yin sheƙa, sai dai ya saka ƙwansa a sheƙar wani, 'ya'yansa su tashi suna rera kukan wanda ya rene su. Kukan da wannan ɗan kutse yake kwaikwaya a yankin Jos shi ya nuna akwai wani ba'u daban a wurin. Tun da na ji labarin nan ya zauna mini a rai.

To, sai muka je biki wajen dangin matata a ƙasar Birnin Kudu, inda ake da duwatsun nan masu zanen shanu na mutanen da. Da yamma na sulale daga wajen biki na hau wani dutse. Can ƙasan wata ƙaya na hangi ɗan jan tsuntsu yana tsince-tsince tsakanin duwatsu. Gabana ya faɗi. Ja ne, a kan dutse yake, me ya rage? Ban tsaya na ƙare masa kallo ba na shigar da shi, na kuma rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa na samo ba'un dutse a inda ba a taɓa rubuta shi ba. Aka yi ta yi mini barka.

Tsarin yana da wata al'ada: idan ka shigar da tsuntsu a wajen iyakar da aka san shi, sai a aiko maka da tambaya ka kawo hujja. Wadda ta duba nawa ba ta yi dogon bayani ba. Ta gaishe ni, ta yaba ƙoƙarina, sannan ta ce, "Malam, wane launi ne bakinsa?" Na zauna shiru da waya a hannu. Ban duba bakin ba. Na dutsen bakinsa shuɗi-shuɗi ne mai toka, na gida kuwa ja. Washegari na koma gindin ƙayar nan tun da sassafe, na same shi da matarsa, baki ja wur. Ba'u ne gama-gari, irin wanda ke shiga tsakar gidanmu yana tsintar tsaki, irin wanda na kashe ba adadi ina yaro. Na daure na rubuta a zaure cewa na janye. Wani dattijo a cikinmu ya ce kada in damu, wanda bai taɓa janye magana ba a wannan aiki bai fara ba tukuna. Duk da haka sai da na yi mako biyu ban taɓa madubin ba.

Daga nan na koyi ɗora kyamarar waya a kan idon madubi in ɗauki hoto. Hoton yakan fito da baƙin zobe kewaye, wani lokaci a karkace, amma baki da ƙafa da fiffike suna fitowa, kuma su ake nema.

Wata wahalar kuma ba ta tsuntsu ba ce. A yankinmu, a waɗannan shekaru, baƙo ya tsaya bayan gari da madubin hangen nesa yana latsa waya ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga laifin kowa ba. Wata rana 'yan banga suka kewaye ni a wani ƙauye, suka karɓe madubi da waya, suka tasa ni gaba zuwa ƙofar Bulama. Na yi bayani har bakina ya bushe, ba wanda ya gamsu. Abin da ya cece ni littafin hotunan tsuntsaye ne da ke jakata. Bulama ya karɓa yana buɗawa, sai ya tsaya a wani shafi ya faɗi sunan tsuntsun da Barbarci, wani ya faɗa da Hausa, wani ya ce ƙarya ne ba shi ba ne. Kafin a jima gardama ta koma kan tsuntsaye, an manta da ni. Da fura aka sallame ni. Tun daga ranar ba na shiga dajin kowa sai na fara zuwa na gaida mai gari, kuma sau da yawa yakan haɗa ni da yaro ko wani maharbi, wanda ya fi ni sanin inda komai yake kwana.

Abin da na zauna rubutawa dominsa ya faru ne a 2019, bayan an gama girbi. Na je wata kasuwar ƙauye arewa da Gashuwa, ba ma don tsuntsu ba, gero na je saye don ya fi araha a can. Madubin dai yana jaka, don ya riga ya zame mini kamar hula. Ina tsugune gaban wani tsoho mai awo muna ciniki sai ga gwara sun sauko kan tsabar da ta zube. Gwaran da muka sani kansa toka ne sumul, mace da namiji kusan ɗaya. Amma a cikin waɗannan akwai wani da ya bambanta: saman kansa toka, ƙeyarsa ja-ja kamar ƙasa, kumatunsa fari, sannan ga baƙi daga ƙarƙashin baki har ƙirji kamar gemu. Kusa da shi wata mai launin ƙasa-ƙasa da ɗan layi mai haske a saman ido.

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na ajiye mudu, na fito da madubi a hankali, na dubi baki, na dubi kai, na dubi fiffike. Na ɗauki hoto ya fi ashirin, uku suka yi kyau. Mutane suka fara taruwa suna kallon mai kallon gwara.

Tsohon ya ce, "Yaro, mai gemun kake kallo?"

Na ce, "Baba, ka san shi?"

Ya ce, "Yo ba dole ba, hatsina yake ci. Ai baƙo ne. Da can babu shi a garin nan. Shekarar babbar ambaliyar nan muka fara ganinsa, guda biyu, a rumfar da manyan motoci ke sauke kaya daga gabas. Yanzu ga su nan sun cika ramukan shagunan bulo. Ba ya son daji, ɗan birni ne. Kuma ya fi namu rashin kunya, har cikin buhu yake shiga."

Ambaliyar da yake nufi ta 2012 ce. A cikin numfashi ɗaya ya ba ni shekarar zuwa, da adadin farko, da inda suka sauka, da inda suke sheƙa, da halinsu. Ni da na zo da madubi da manhaja ban da ko ɗaya daga ciki.

Na shigar, tambaya ta zo kamar yadda na zata, na aika hotuna. Bayan 'yan kwanaki aka amsa cewa an karɓa: shi ne gwaran da masana ke kira Passer domesticus, wanda ya cika biranen Turai da Asiya, kuma ba a taɓa rubuta shi a wannan fentad ko a maƙwabtansa ba. Na yi murna har na kira abokina na Jos da dare. Shi ya ɗan sauke ni ƙasa. Ya ce tsuntsun ba sabo ba ne ga Najeriya, tun 2002 aka buga labarin ganinsa a arewa maso gabas a mujallar Malimbus, ta ƙungiyar masana tsuntsaye ta Afirka ta Yamma. Abin da na samo ɗigo ɗaya ne da ke nuna inda ya kai a tafiyarsa. Ba zan ɓoye ba, na ɗan ji sanyi a jiki. A zuciyata na riga na fara hango sunana a wata takarda.

Da na kwana na tashi sai abin da ya dame ni ya zama wani daban. A taswira, ranar da aka fara ganin gwara mai gemu a garin nan ita ce ranar da na je sayen gero, kuma sunana ne a jiki. Alhali shekara bakwai tsohon nan yana korar sa daga bakin buhu. Akwai ɗan gurbi na ƙarin bayani, na rubuta abin da ya faɗa mini a ciki, amma ba shi ne zai fito a taswira ba. Na san dalili, kuma ban ce dalilin banza ne ba. Ni kaina na ga yadda ido ke yaudarar mai shi a dutsen Birnin Kudu, dole a nemi hujja. Sai dai tun daga lokacin, idan na ji an ce an gano wani tsuntsu ko wani tsiro a wurin da ba a san da shi ba, nakan tambayi kaina: wa bai san da shi ba? Wani malamin jami'a ya taɓa nuna mini ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa wanda wani likita Bature, Dalziel, ya buga a 1916. Aiki ne mai kyau, har yau ana amfani da shi. Ina buɗawa ina tunanin masu magani da makiyaya da tsofaffin mata nawa ne suka tsaya a rana suna nuna masa ganye suna faɗin suna.

Baba ma, da ana rubuta irin nasa, da ya cika littafi. Ya sha gaya mini cewa yana saurayi kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, sai an neme ta a fadamar Nguru. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, a kan kogunan da ke shayar da fadamar, tafiyar ruwa ta canja. Wuraren da a da suke cika da damina su bushe da rani suka koma riƙe ruwa shekara zagaye, kacalla kuwa abin da take so ke nan. Ta toshe hanyoyin jirgi, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama makwancin jan-baki da ke sauka kan gero kamar hayaƙi. A kan idonsa aka yi wannan duka, zai iya nuna maka mashigin da ta fara rufewa. Ba wanda ya zo da littafi ya tambaye shi, ni ɗin ma da nake ɗansa ban rubuta ba sai da ƙasa ta rufe masa ido.

Wani abin da aikin nan ya koya mini shi ne rubuta abin da ban gani ba. Duk lissafin da na aika babu ungulu a ciki, shi ma shaida ne. Ina yaro, mahautar garinmu ba ta rabuwa da su, har jifansu muke. Yanzu sai in yi wata da watanni ban sa ko ɗaya a ido ba, kuma tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a sahun tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka kuwa, da Baba ke cewa kukansu ne ke tashinsu a fadama, ɗalibaina a hoto kawai suka san ta. Ranar da na kai littafina aji na nuna musu, wata yarinya ta tambaye ni ko a Najeriya ake samun ta.

Yanzu littafin nan nawa mai layi a tsakiya ya zama na uku, kuma na ƙara masa layi ɗaya. Bayan sunan Hausa da na boko, akwai inda nake rubuta wanda ya nuna mini da abin da ya ce: maharbi, mai kiwo, matar da ke ɗiban ruwa, ɗan aji huɗu. Uwargida ta daina yi mini tsiya, har takan kira ni idan wani baƙon tsuntsu ya sauka a kan darbejiyar gidanmu, ko da yake har gobe ba ta yarda kuɗin mai ya fito daga na cefane ba.

Bayan wata biyu na koma kasuwar nan da hoton gwaran, na wanke shi a takarda na kai wa tsohon. Ya riƙe shi nesa da ido, ya juya shi, ya ce na fitar da gemun da kyau. Ya tambaye ni ko mutanen Jos ɗin za su biya shi geron da tsuntsunsu ya ci. Na ce zan isar da saƙo. Ya soke hoton a jikin zanan rumfarsa, ya auna mini mudu biyar ya yi mini gyara.

Ina ɗaure buhu a babur sai ya ce, "Af, tun da kai abin naka haka ne. Akwai wani a tafkin bayan gari, bana ya fara zuwa. Dogayen ƙafafu, bakinsa ya lanƙwashe sama, ba ƙasa ba. Shekarata saba'in ban taɓa ganin irinsa a nan ba."

Na ce, "Baba, sama ka ce?"

Ya ce, "Ni da kai wa ya fi kallon baki?"

Sau huɗu ina zuwa tafkin nan ban same shi ba. Ran nan ya aiko mini ta bakin wani direba cewa ina makara ne, kafin rana ta fito yake tashi. Kasuwa mai zuwa a can zan kwana.